Guguwar rana da aikin Hajji: ina haɗarin yake?

A ranakun 10 da 11 ga watan Mayun 2024, daidai lokacin da jiragen alhazai suka fara sauka a Jidda da Madina, duniya ta fuskanci guguwar maganaɗisu mafi ƙarfi tun bayan ta shekarar 2003. Babu wani rahoton ɓarna daga Makka, kuma mutane fiye da miliyan 1.8 sun sauke farali a wata na gaba. Amma lamarin ya nuna yadda aikin Hajji ya dogara a kan na'urorin da rana ke iya gurguntawa.

Abin iri biyu ne. Akwai tartsatsin da rana ke yi, wanda haskensa ke isowa duniya cikin kimanin minti 8, ya dagula saman sararin samaniya a ɓangaren da rana ke haskawa. Nan take rediyo mai gajeren zango kan ɗauke, kamar yadda tsofaffin masu saurare suka sani. Sa'annan akwai curin iska mai ɗauke da lantarki da rana ke watsowa, wanda kan yi kwana ɗaya zuwa uku a hanya kafin ya girgiza maganaɗisun duniya. Irinsa ne ya jefa mutane miliyan 6 cikin duhu na sa'o'i 9 a lardin Kebek na Kanada a watan Maris na 1989, ya kuma lalata wasu manyan taransifomomi a Afirka ta Kudu a 2003.

Ga Makka, inda ya fi dacewa a sa ido shi ne GPS. Birnin yana cikin yankin da ke kusa da tsakiyar duniya, inda saman sararin samaniya kan hargitsa saƙon tauraron ɗan'adam bayan faɗuwar rana ko da babu guguwa. Kano da Maraɗi ma haka suke. A yau kuwa da wannan saƙo ake bin sawun motocin alhazai, da shi kuma alhajin da ya ɓata a Mina ke neman tantinsa. Kuskuren mita goma ba kome ba ne a cikin hamada, amma a Mina tanti nawa ne? A guguwar 2024 manoma a Amurka sun dakatar da shuka saboda taraktocinsu sun kasa gane inda suke. Matuƙa jiragen sama su ma suna komawa ga gajeren zango a wuraren da babu wata tashar sadarwa a kusa, kamar wasu sassan Sahara.

Sai dai bai kamata a haɗa wannan da zafin da ya hallaka alhazai 1,301 a Hajjin 2024 ba, lokacin da ma'auni ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami. Iskar da ke lulluɓe da duniya tana tare tartsatsin rana tun daga sama, ba ya ƙara zafi a ƙasa. Wanda ya ɗora wa guguwar rana laifi ya sauke wa masu safarar alhazai ba bisa ƙa'ida ba nauyin da ke wuyansu, tun da hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin Hajji.

Batun alƙibla kuwa da sauƙi. Karkacewar da guguwa ke jawo wa allurar kamfas a ƙasashenmu kaɗan ce, ƙarfen da ke kusa da wayar mutum ya fi ruɗa ta. Kuma rana da kanta tana gyara lissafin: a ranakun 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Najeriya da Nijar, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27, takan tsaya daidai saman Ka'aba. Duk wanda ya fuskance ta a wannan lokaci, a Katsina yake ko a Damagaram, ya fuskanci alƙibla.