SHAWARAR WATA: A Sayi Bashe Yanzu, ko a Jira Sabuwa?

In kaka ta yi kyau, magana biyu ke yawa a bakin mutanen karkara: aure da mota. Ta aure a bar wa iyaye. Ta mota ita ce ta wannan wata.

Motar da ake nufi ita ce ƙaramar motar kaya, mai wurin zama gaba da akwati baya. Wasu suna ce mata bashe, saboda tamfol ɗin da ake rufa mata. Wasu suna ce mata akori-kura. Ita ke kwaso zogala da tattasai daga lambunan Jiratawa zuwa Maradi. Ita ke kai awaki da buhunan aya kasuwar Tsibiri ran Laraba. Ita ke ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare in abu ya ƙi. Ba safai mutum ɗaya ke iya sayenta ba. Sai ƙungiya ta tara kuɗi, ko ƴan uwa su sayar da shanu su haɗa.

A watan Nuwamba na 2025 kamfanin Toyota ya nuna sabuwar ƙirar Hilux a ƙasar Tailan. Ita ce ƙira ta 9 tun da aka fara yin wannan mota a 1968. Har da wadda ba ta shan mai, sai lantarki. Hotonta ya shigo wayoyin samari, gardama ta tashi a wuraren hira. Wasu suka ce mai kuɗi a hannu ya dakata, sabuwa tana tafe, tsohuwa za ta yi arha. Wasu suka ce a saya tun kuɗin bai narke ba.

Wannan gardama ba sabuwa ba ce. Dattawan tashar Maradi sun yi irinta a kan Peugeot, wadda ake kira Fijo. Bashe ta 404 ita ce ta riƙe hanyoyin karkara shekara da shekaru. A 1975 aka buɗe wurin haɗa Peugeot a Kaduna, motoci da kayan gyaransu suka yawaita ta hanyar Katsina da Jibiya da Ɗan Isa. A 1979 Faransa ta fito da bashe ta 504. Shin 404 ta mutu ranar nan? Ba ta mutu ba. An ci gaba da haɗa ta a ƙasar Kenya har 1991. Ita ma 504 ɗin, an daina yin ta a Turai da daɗewa, Kaduna tana nan tana fitar da ita har bayan shekara ta 2000. Ranar da aka nuna mota a ƙasar da aka ƙera ta daban, ranar da ta zama motar ƙauye daban. Tsakaninsu shekaru ne.

Dalili a fili yake. Motar da aka nuna a Tailan ta mutanen can ce, sitiyarinta ma a dama yake. Sai an yi wadda ta dace da hanyoyin nan, an ɗora ta a jirgin ruwa, ta sauka a bakin teku, ta biya duwan. Kuma tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, kaya da yawa da suka saba biyowa ta Kwatano suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso. Hanya ta ƙara tsawo, kuɗin ɗauko mota ya ƙaru. In ta iso, wa ke fara sayenta? Ofisoshin gwamnati, da manyan ƙungiyoyi, da alhazan birni. Manomi ba ya cikin wannan layi. Abin da yake jira shi ne motar da waɗannan za su saki, ko ta hannun dillali, ko a gwanjo.

A nan masu cewa a jira suke da gaskiya. In manya suka canza mota, tsofaffi suna fitowa kasuwa, mai saye yana samun zaɓi. Sai dai bashe ba kamar ƙaramar motar yawo ba ce. Masu nemanta sun fi masu sakinta yawa. Mai gona yana so, mai shanu yana so, ɗan kasuwa yana so. Don haka ko ta faɗi, faɗuwar ba ta da yawa, kuma ba wanda ya san watan da za ta faɗi. Dillalin da ya ce ya sani, kamasho yake nema.

Sai maganar gyara, wadda ita ce babba. Mota ba ta lalacewa a ƙofar gareji. Tana lalacewa cikin rairayi, bayan gulbi, da kaya a kanta. Tsohon injin gazuwal na Hilux, makanikin Maradi ya san shi kamar yunwar cikinsa. Yana jin ƙararsa ya faɗi ciwonsa. Daga ƙirar da ta fito a 2004, da wadda ta biyo ta a 2015, injuna da yawa sun koma aiki da kwamfuta. Suna da ƙarfi, ba sa shan mai da yawa. Amma ba sa haƙuri da gazuwal mai datti ko mai ruwa, irin wanda a kan samu cikin jarka a bakin hanya. In suka tsaya, sai an kawo na'ura ta karanta laifin. Kamfanin da kansa ya san haka. Shi ya sa, ko bayan 2015, ya ci gaba da aiko wa ƙasashen Afirka sabuwar Hilux da tsohon inji mai suna 5L a cikinta. Da tsohuwar zuma a kan yi magani.

Ƙira in tana sabuwa, kayan gyaranta ba su cika kasuwa ba. Ko fitila ce ta fashe, sai an aika nesa. Ƙirar da ta shekara 10 tana yawo kuwa, an san laifinta, an san maganinsa, kayanta suna shagunan Maradi da Katsina da Kano, sababbi da na hannu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mutanen bakin iyaka. An rufe iyakar Najeriya daga 1984 zuwa 1986. An sake rufe ta daga 2019 zuwa 2020, da kuma daga 2023 zuwa 2024. Duk lokacin da aka rufe, motar da kayanta ke jibge cikin gari ita ke ci gaba da aiki.

Kuɗin da aka ajiye shi ma yana da nasa haɗari. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, cikin dare ɗaya. Wanda ya tara kuɗin mota yana jiran arha, ya wayi gari kuɗinsa bai kai ko kusa ba, don duk abin da ke zuwa daga waje ya tashi. Ba kullum ake irin wannan ba. Amma biki da suna da rashin lafiya da rancen ɗan uwa, waɗannan kullum suna nan. Asusun ƙungiya in ya daɗe a akwati, kowa sai ya tuna da matsalarsa.

Ga lissafi, mai karatu ya gwada a allonsa. Misali ne kawai, kowa ya sa kuɗin garinsu. A ce masu lambu a Jiratawa suna ɗaukar shatar mota jika 20 kowace tafiya. Suna zuwa kasuwar Maradi sau 2 a mako, Litinin da Juma'a. Jika 40 ke nan. Cikin mako 20 na aikin rani ya zama jika 800. In motar tasu ce, a ce rabi ya tafi ga mai da direba da gyara. Saura jika 400. To, in dillali ya ce a jira baɗi za a rage jika 300, wa ya ci riba? Sun biya 400 don su samu 300. Ba a ma sa ganyen da ya yi yaushi a bakin hanya ana jiran motar wani ba. Amma in ƙungiya ba ta da kayan da za su cika mota kowane mako, lissafin ya juya. Irin wannan ƙungiya ba ta yi asara ba in ta jira, amalanken shanu yana isar ta tukuna.

Watan da ya kamata manomi ya duba yana cikin rumbunsa. Da kaka hatsi da wake da aya suna arha, kuma lokacin ne kowa ke yawo da kuɗi wurin dillalai. Wanda ya zubar da amfaninsa da kaka don ya sayi mota ya yi asara sau biyu. In ya iya riƙe buhunansa zuwa bazara, buhu kaɗan za su yi aikin buhu da yawa. Makiyayi kuwa akasin haka ne. Da bazara bisashe sun rame, ba su da kuɗi. Shanu sun fi daraja bayan damina, raguna kuma gab da Layya. In manomi da makiyayi za su haɗa hannu su sayi mota ɗaya, sai kowa ya sayar a nasa lokaci, a rubuta abin da ya kawo cikin littafi, gaban shaidu.

Ranar saye, kada a je da dillali kaɗai. A je da makanikin da zai riƙa gyaranta, a biya shi ladansa. A tayar da injin da safe yana sanyi, a dubi hayaƙin. A leƙa ƙarƙashi a ga ko an yi wa ƙashin motar walda. A duba lambar da ke jikinta, a gwada da wadda ke cikin takarda, harafi da harafi. Amfanin yaƙi da jahilci ke nan. Sannan a loda mata buhuna, a bar kwalta, a shiga da ita rairayin bayan Tsibiri.

A wata mai zuwa, wannan shafi zai yi bayanin takardun mota: ta duwan, da ta mallaka, da ta inshora, da yadda ake sa sunan ƙungiya a kansu.