Ku Ƙyale Ni da Starlet Ɗita

Yau da haushi na zauna rubutun nan, don haka a yi mini uzuri.

Makon jiya na je ɗaurin aure a cikin Gombe. Ina kashe mota sai wani ɗan uwana ya kama baki, ya ce, "Haba Yaya, shekara goma sha biyu a Ingila, amma da wannan akwalar ka dawo mana? Ai ka zubar mana da mutunci." Akwalar da yake nufi ita ce Toyota Starlet ɗita, ƙirar 1996, mai inji lita 1.3 da filogi huɗu. Shi kuwa gogan naka yana da Land Cruiser mai filogi takwas, lita 4.7. To, ina take a ranar? Tana gida an lulluɓe ta da tamfal, shi kuma a Keke NAPEP ya zo!

Mai karatu, mu gaya wa juna gaskiya. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka cire tallafin mai, lissafi ya canza. Litar da ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Babban inji kuwa ba ya jin bari, ko kai kaɗai ne a ciki sai ya sha rabonsa, domin ƙarfen da yake ja ya ninka na Starlet fiye da sau biyu. Ni kullum sai na taso daga Kwadon na shiga Gombe na dawo, wani lokaci da buhun albasa a but, kuma ban taɓa cin bashi don in sha mai ba.

Sai maganar gyara. Ranar da famfon ruwanta ya lalace a hanyar Dadin Kowa, bakaniken bakin titi ne ya canza shi kafin la'asar. Kayanta kuwa ba sai an aika Legas ba. Manyan motocin zamani fa? Fitila ɗaya ta kama a gaban direba, sai an nemo mai kwamfuta, shi ma wani lokaci lalube yake yi da kuɗinka.

Ban ce ba ta da aibu ba. Idan tirela ta wuce ni sai na ji motar ta girgiza, kuma a haɗari ba ta da kariyar sababbin motoci. Shi ya sa ba na gudu, ba na tafiyar dare. Zafin watan Afrilu ma ina shan sa yadda ya kamata.

Amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muka mayar da mota ma'aunin mutum. Iyayenmu sun shiga Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna da Volkswagen Beetle ta Legas, sun yi aiki, sun ilmantar da mu, ba wanda ya raina su. Mu kuwa sai mutum ya sayar da gonar gado ya sayi jif, yaransa kuma ana koro su daga makaranta saboda kuɗin zango. Girman kai rawanin tsiya!

Ɗan uwan nawa dai, da aka tashi, ni na rage masa hanya zuwa gida. A Starlet ɗin.

Allah Ya ganar da mu, amin.