Wa zai rubuta tafiyar direban tirela?

Duk ɗan Bauchin da ya zauna a aji ya san Shaihu Umar, wanda bai karanta ba kuwa wataƙila ya ga fim ɗin da Adamu Halilu ya yi a 1976. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin ne don gasar rubutu ta 1933, aka buga shi a 1934, kuma har yau bai tsufa ba. A ganina sirrinsa yana wurin mai ba da labarin. Dattijo ne da ya gama yawon duniya, ya zauna a Rauta yana karantar da almajirai, sannan ya waiwaya. Ya sha bauta, ya keta hamada, ga uwa da ta bi sawun ɗanta har Tarabulus. Duk wannan ya riga ya kwanta masa a rai kafin ya buɗe baki, shi ya sa maganarsa take da nauyi.

Magabatanmu sun san daɗin irin wannan rubutu na tafiya. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ana tsakiyar yaƙin Hitila, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano, wanda ya koyar a Midil ta nan Bauchi, ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Mai karatu yakan bi su ne don ya ji yadda Bahaushe ya kalli ƙasar wasu, ya juyo ya auna tasa.

To, yau fa? Babu zamanin da muka yi tafiya kamar wannan. Kowace shekara jirage na kwasar alhazai daga filin jirgin da aka sa wa sunan Tafawa Ɓalewan nan, 'yan kasuwa na zarya Dubai da Alƙahira, ɗalibanmu na Indiya da Malesiya. Tsarabar da muke samu ita ce hoto a Facebook, mutum ya tsaya gaban dogon bene ya sha tabarau. Kwana biyu an manta.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu labarin gaske ba su ne masu riƙe alƙalami ba. Je ka tashar Muda Lawal da dare, ka zauna wurin mai shayi. Za ka tarar da direban tirela da ya tsufa a hanyar Legas da shanu, ya san kowane shinge da kowane rami daga Jos zuwa Ogbomoso. Ga ɗan ci-ranin da ya yi ga-ruwa a Fatakwal, ga gardin da ya yi gabas neman Alƙur'ani tun yana yaro. In ɗayansu ya rasu, labarin ya bi shi kushewa.

Ai Dorugu ma, yaron ƙasar Damagaram da ya bi matafiyi Barth zuwa Landan a 1855, ba shi ya rubuta nasa ba. Da baki ya faɗa, wani Bature mai suna Schön ya rubuta, ya fito a littafin Magana Hausa a 1885. Yanzu wayar da ke aljihun kowane ɗalibi tana naɗar murya. Malaman Hausa na Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gaɗau su tura 'yan ajin ƙarshe tashoshin mota da kasuwannin shanu, kowa ya samo matafiyi ɗaya, ya saurare shi har ya gama, ya rubuta da bakinsa ba tare da gyara masa Hausa ba. Kuɗin mota da na shayi kawai aikin zai ci.