Tauraro Zai Nuna Arewa, Amma Ina Gida Yake?

Sau nawa muka ji ana cewa wanda ya ɓata a daji ya ɗaga kai kawai, taurari za su kai shi gida? Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Tauraron Arewa ne kaɗai za mu ce yana zaune wuri guda duk dare. Ana gano shi ta taurarin nan bakwai masu siffar ludayi: biyun da ke bakin ludayin su ke nuna shi. Sai dai a wajenmu ƙasa-ƙasa yake. A Kano digiri 12 ne kacal ya ɗaga daga inda sama ta haɗu da ƙasa, wato ɗan fiye da faɗin dunƙulen hannu idan mun miƙe shi. Kuka ɗaya ta isa ta tare shi, balle hazon hunturu ko hadarin damina. Shi kansa ludayin yakan faɗi ya ɓace na sa'o'i. Zara kuwa, duk kyanta, wani lokaci tana yamma da magariba, wani lokaci tana gabas da asuba.

To, mu ce mun gano arewa. Gida yana gabas ne ko kudu? Tauraro ba zai amsa wannan ba. Shi ya sa madugun ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma ba ya dogara da sama kaɗai; ya san yadda tudun rairayi ke kwanciya, ya san kwana nawa ne tsakanin rijiya da rijiya.

Kuma ƙafa na yaudara. A 2009 masu bincike a Jamus sun nuna cewa mutanen da suka yi tafiya cikin kurmi ranar da gajimare ya rufe rana sun yi ta zagaye, suna zaton miƙewa suke.

Saboda haka idan dare ya riske mu, mu tsaya. Mu adana ruwa da cajin waya, mu hura wuta a fili inda ba za ta kama daji ba. Da asuba mu kasa kunne: kiran sallah, carar zakara, ƙarar injin niƙa. Burtali ko turakun lantarki sun fi yankan daji. Kafin a fita farauta ko itace kuma, a faɗa wa na gida inda aka nufa.

Yau da dare, ku fita tsakar gida ku nemo ludayin, ku lura ta kan rufin wa yake.