An Sayar Mana da Raƙumi, An Riƙe Akala

A wata rumfa da ke unguwar Gat'al Wad, a nan Tamanrasat, nake yawan yin hirar la'asar. Mai rumfar wani matashi ne ɗan Damagaram, gyaran waya yake yi, kuma wurinsa mutanenmu ke zuwa a tura musu shirin da nake ɗauka ina aikawa gida duk mako, don ba kowa ke da kuɗin data ba. Ranar wata Talata wani dattijo mai gadin gini ya zo da waya a naɗe cikin ƙyalle. Ɗansa ne ya aiko masa da ita daga Faransa, sai da ta bi hannun mutum uku kafin ta iso. Ya sa layin Mobilis ta ƙi, ya sa na Djezzy ta ƙi. Ashe a kulle take da layin kamfanin da aka fara sayenta a wurinsa. Yaron ya jona ta da kwamfutarsa, ya yi 'yan danne-danne, kafin mu shanye shayi na biyu waya ta kama layi. Dattijo ya biya, ya koma gefe ya kira iyalinsa a Tawa, muna jin dariyarsa daga inda muke zaune.

To, mai karatu, tsakanin dattijon nan da yaron nan, wane ne ɓarawo?

Na san za ka ce babu, ni ma haka na ce. Amma akwai dokar da take iya cewa duka biyun, kuma dokar ta riga ta iso ƙofar gidanmu. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1988. Akwai alheri a cikinta, ban musa ba. Ta yarda a mayar da littafi yadda makaho zai iya karantawa ba tare da an je roƙon izini ba, ta kuma sauƙaƙa wa ɗakunan karatu aikinsu. Sai dai a sashe na 50 an dasa wani abu da tun daga lokacin nake jin wasu abokaina 'yan fim da mawaƙa suna kira a tsananta aiki da shi. Sashen ya hana a buɗe duk wani kwaɗo na fasaha da aka ɗaura wa aiki mai haƙƙin mallaka, ya kuma hana ƙera ko shigowa da ko sayar da abin da aka yi shi domin buɗe irin wannan kwaɗo.

Wani abokina furodusa a Kano, da muka yi wannan muhawara a shirina, cewa ya yi: "Malam, kai dai ba ka taɓa zuba miliyoyinka a fim ba, ka wayi gari ka gan shi a memorin yara ana turawa a naira hamsin." Gaskiyarsa. Na ga Ƙofar Wambai lokacin da ake turereniya a kan sabon faifai, na kuma ga yadda shagunan suka koma sayar da wasu kayan. Na san mawaƙin da waƙarsa ta zaga kowane gidan biki daga Zariya har Agadas, amma da ciwo ya kwantar da shi sai da aka yi masa karo-karo. Duk wanda ya kwafi aikin wani ya buɗe kasuwa da shi, ya ci guminsa, kuma tun tsohuwar doka laifi ne. Babu wanda ya isa ya sa ni in kare wannan.

Abin da nake ja da shi dabam ne. Sashe na 50 ba ya tambayar ko ka saci wani abu. Tambayarsa ita ce ko ka taɓa kwaɗo. Kuma yau kwaɗon nan ya wuce kan fim da waƙa, domin doka tana lissafa manhajar kwamfuta cikin ayyukan da take karewa, manhaja kuwa tana cikin wayarka, tana cikin na'urar buga takardu, tana cikin injin mota, tana cikin akwatin da ke sarrafa wutar sola. Duk kamfanin da ya ga dama sai ya ɗaura kwaɗo a kan manhajar, shi ke nan, kayan da ka biya kuɗinsa lakadan ya koma aro.

Kada a ce hasashe nake yi, an riga an gwada abin a wani wuri. Asalinsa wata yarjejeniya ce da aka ƙulla a Janiba a watan Disamba na 1996 ƙarƙashin hukumar WIPO ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Aljeriya ta shige ta a 2014, Najeriya ta miƙa takardun amincewarta a 2017. Amurka ce ta yi gaba, ta mayar da ita doka a 1998, kuma kalmomin da ke cikin sashenmu na 50 ɗiyan waccan dokar ne, kama har da kamannin fuska. Me ya biyo baya? A 2001 aka kama wani masanin manhaja ɗan Rasha, Dmitry Sklyarov, a Las Vegas, saboda ya rubuta manhajar da ke cire kwaɗon littattafan kwamfuta, aikin da ya yi a ƙasarsa. Daga baya kotu ta wanke kamfanin da yake wa aiki, amma ya riga ya kwana a kurkuku. A watan Janairu na 2013 buɗe sabuwar waya domin sa mata wani layi, wato daidai abin da yaron Damagaram ya yi wa dattijo, ya zama saɓa doka a Amurka. Sai da jama'a suka yi ca, majalisa ta yi wata doka ta musamman, Obama ya sa mata hannu a watan Agusta na 2014.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na manoma. Manomi a Amurka ya sayi tarakta ta John Deere da dukiya mai yawa, ta tsaya masa a tsakiyar gona lokacin girbi. Ya san abin da ya lalace, yana da kayan gyara a hannu, amma injin ba zai tashi ba sai ma'aikacin kamfani ya zo da kwamfutarsa ya amince da sabon ƙarfen da aka sa. Kamfanin ya fito fili a 2015 ya shaida wa ofishin haƙƙin mallaka na ƙasar cewa abin da manomi ya samu a kan manhajar taraktar izinin amfani ne kawai. Har ta kai wasu manoman suna neman manhajar da aka fasa daga Yukiren don su gyara abinsu. An ba su sassauci daga baya, amma irin wanda sai an koma an sake roƙo duk bayan shekara uku. Yanzu ka ɗauko wannan ka kawo Kadawa ko Bakalori. Ka ɗauko shi ka kawo hanyar In Gezam, inda mota in ta mutu babu wani wakilin kamfani sai rairayi da rana, sai bakanike da ya koyi aiki a Arlit. A can ƙasar, jiran ma'aikacin kamfani asarar kwana biyu ce. A hanyar nan ta hamada yana iya zama asarar rai.

Za a ce mini dokarmu ta fi ta Amurka sauƙi, tunda ta bar ƙofa ga wanda zai buɗe kwaɗo don abin da doka ta halatta masa. Na ji. Amma dattijon nan mai gadi, da me zai buɗe? Da haƙori? Dole sai ya je wurin mai kayan aiki, mai kayan aikin kuwa shi ne wanda aka ce kada ya shigo da su, kada ya sayar. An ce maka ɗakin naka ne, shiga halal ne, amma duk maƙerin da ya ƙera maka mabuɗi zai gamu da hukuma. Kuma mu da muka san yadda ake aiki da doka a kasuwanninmu, mun san ba lauya ne zai je Farm Center ya zauna yana tantance wace buɗewa ce halal ba. Mota za a kawo, a kwashe kwamfutocin yara, sai wanda ya iya fansar tasa.

Ni kaina ya taɓa ci na. Na sayi manhajar tace murya da kuɗina, ta gaske, ba ta bayan fage ba, don a makarantar aikin jarida an koya mana mutunta haƙƙin mutane. Ƙura da zafin garin nan suka kashe kwamfutar. Na sayi wata, manhaja ta ce sai ta gaisa da kamfaninta ta intanet kafin ta buɗe, kamfani kuwa ya daina amsa gaisuwar wannan tsohon samfuri. A ciki akwai aikin wata uku, hirarraki da tsofaffin fatake da suka yi zamanin raƙuma tsakanin nan da Agadas, ɗaya daga cikinsu ma ya rasu, Allah ya jiƙansa. Muryar mamaci, aikin hannuna, kwamfutata, amma mabuɗi yana wata nahiya. Yaron Damagaram ne ya buɗe mini, kuma ban ji kunyar gode masa ba.

Abin da ke ba ni mamaki da 'yan'uwana masu fasaha shi ne saurin mantuwa. A garin nan Ibrahim Ag Alhabib ya haɗu da abokan da suka kafa Tinariwen a ƙarshen shekarun 1970. Babu kamfani, babu rediyon da ke sa su, kaset ne ake kwafa daga hannu zuwa hannu har ya ratsa hamada. A 2012 suka karɓi kyautar Grammy. Mdou Moctar na Nijar a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko a 2008, waƙoƙin suka bazu ta bulutut da memori, har wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi ya tsince su a wayoyin mutane, ya sa ɗaya a wani kundi a 2011, ya nemo mai ita ya biya shi. Yau yana zaga duniya da jitarsa. Mawaƙanmu na Kano fa, wa ya kai su Agadas da Tamanrasat da Sabha? Ba kantin wani kamfani ba ne, 'yan turi ne da direbobin manyan motoci. Da a ce kowace waya tana da kwaɗon da ke hana ta karɓar abin da kamfani bai sa wa hatimi ba, da har yanzu wasu a unguwarsu kaɗai aka san su.

Kuma kwaɗon nan, wa yake ciyarwa? Babban ɓarawo mai injin kwafa ya fasa shi cikin kwana ɗaya ya ci gaba da kasuwarsa. Wanda yake kamawa shi ne mai gaskiyar da ya biya. A 2009 kamfanin Amazon ya shiga na'urorin Kindle na mutane daga nesa ya goge littattafan George Orwell da suka saya, ya mayar musu da kuɗinsu ba tare da ya tambaye su ba. Marubuci bai ƙaru da ko sisi ba a wannan, ikon mai kanti ne ya ƙaru.

In biyan mawaƙi ake so, akwai hanyar da ba ta bi ta aljihun mai gyaran waya ba, kuma a ƙasar da nake zaune ana bin ta. Dokar Aljeriya ta 2003 ta yarda mutum ya kwafi abu don amfanin kansa da iyalinsa, sannan ta ɗora wani ɗan kuɗi a kan masu ƙerawa da masu shigo da na'urorin ɗauka da faifan da babu komai a kai. Hukumar ONDA ke karɓa ta raba wa masu fasaha. Ban ce tsarin ba shi da aibi ba, duk inda ake rabon kuɗi akwai ƙorafi. Najeriya ma tana da irin wannan tanadi, an fitar da umarninsa tun 2012. Nan ya kamata ƙungiyoyin 'yan fim da na mawaƙa su tara ƙarfinsu: a karɓa, a raba a fili, a buga sunan wanda ya samu da abin da ya samu, a tabbatar mai kalangu a Katsina yana cikin lissafi kamar yadda mawaƙin Legas yake ciki.

Sashe na 50 kuwa, ina kira ga Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya da 'yan majalisarmu su rubuta a fili, da kalmomin da ɗan sanda zai gane, cewa gyaran kayanka, da sauya wa wayarka layi, da ceto aikinka daga manhajar da ta mutu ba laifi ba ne, haka ma wanda ya yi maka aikin da kayan da ya yi shi da su. Na aika wa abokina furodusa wannan rubutu kafin kowa ya gani. Ya ce zai dawo shirin mu ƙarasa, na ce ya zo da wayarsa, don na san a Farm Center aka buɗe masa ita.