Mata Su Zana Labarinsu da Hannunsu

Edita,

Roƙona ga marubutanmu mata ne. A 2000 Marjane Satrapi ta fara fitar da Persepolis a Faransa, tarihin yarintarta a Iran lokacin juyin juya halin 1979, cikin zane baƙi da fari. Yarinya ce ke ba da labari da bakinta: makaranta, lulluɓi, yaƙi, da tambayar wace ce ita. Me ya hana mu samu irinsa da Hausa?

Ba alƙalami muka rasa ba. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka yi wa aure tana ƙarama, ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? Marubuciya Bilkisu Funtuwa kuma 'yar jiharmu ta Katsina ce. Baba ta Karo ta ba da tarihin rayuwarta, amma Mary Smith ce ta rubuta, ya fito da Turanci a 1954.

A nan Zakka, da Batsari da sauran garuruwan bakin dajin Rugu, mata sun ga abin da baki ke nauyin faɗi: gudun hijira da goyo a baya, takaba da ƙuruciya, 'yan mata da aka cire daga makaranta saboda tsoron 'yan bindiga. Da yawansu ba su karanta boko, amma hoto ba ya buƙatar tafinta. Ina roƙon mujallarku ta ware shafi ɗaya duk fitowa, mace ta ba da labari, mace ta zana, a kuma sakaya sunan mai labarin.



Wata mai karatu,
Zakka, Ƙaramar Hukumar Safana, Jihar Katsina