Na'urar duba ƙwaƙwalwa ta samu, ina masu karanta ta?

Wani labari ya hito daga jami'o'in waje wanda ya kamata hukumominmu su saurara. Malaman wata jami'a ta ƙasar Danmark sun haɗa wata hula mai wayoyi da ake aza wa mutum bisa kai, ta ɗauki motsin ƙwaƙwalwarsa, ta aika shi cikin wayar salula. Likitoci masu bincike na jami'ar Harbad ta Amurka sun gwada ta ga masu farfaɗiya a ƙasar Butan, can cikin duwatsun Asiya, sunka bayyana abin da sunka gano a 2017. Daga baya anka sake gwada ta ga yara a Konakiri, babban birnin Gine.

Bari mu yi bayani kaɗan. Ƙwaƙwalwa tana aiki ne da wani ɗan ƙanƙanin lantarki da ke gudana tsakanin jijiyoyinta. Wani likitan Jamus, Hans Berger, shi ya fara ɗaukar hoton wannan motsi ga ɗan Adam a 1924. Idan lantarkin ya rikice, ya tashi gaba ɗaya kamar guguwa, sai mutum ya faɗi, shina karkarwa, shina kumfa. Wannan ita ce farfaɗiya. Na'urar da anka saba aunawa da ita tana da tsada, tana son ɗaki da wutar da ba ta yankewa, don haka ba a samunta sai a manyan asibitoci. Talakan Dakoro ko na Tanut sai ya sayar da akuya kahin ya kai ɗansa wurinta.

To, sabuwar hular ba ta kai babbar na'ura gani ba. Binciken Butan ya nuna takan tsallake wasu alamu, amma in ta nuna alama galibi gaskiya ce. Wannan ba shi ne ya hi damuna ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, zanen da wayar ta ɗauka ba kowa ke iya karanta shi ba. A gwaje-gwajen nan sai da anka aika shi ga ƙwararrun likitocin jijiya da ke nesa. Ke nan ko yau anka raba hular a kowane gidan likita na karkara, in babu ɗan ƙasa da ya iya karatun zanen, mun sayi alƙalami ne mun miƙa wa wanda bai shiga yaƙi da jahilci ba.

Nan ne jami'o'inmu ke da aiki. Ta Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Abdu Mumuni, ɗan Tasawa masanin hasken rana, ta daɗe tana yaye likitoci. Tun 2010 an buɗe jami'o'i a Maraɗi, Damagaram da Tawa, kuma biyun farko suna da sashen koyon aikin lahiya. A ganina, kahin a yi zancen sayen na'urori, sai a ware kuɗi a horar da matasanmu a fannin jijiya da ƙwaƙwalwa, a kuma ba su abin da zai riƙe su cikin jihohi bayan sun gama.

Sai batun magani. Hukumar lahiya ta duniya ta ce kusan mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya a duniya, kuma kimanin 70 cikin 100 za su daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace. Amma a ƙasashe matalauta uku cikin huɗu ba su samunsa. Abin mamaki, maganin ba sabo ba ne: fenobarbital, wanda ma'aikatan lahiyarmu sunka sani da sunan Gardénal, tun 1912 ake anfani da shi, kuma shina da araha. Sharaɗinsa ɗaya, a sha kullum bisa umurnin likita. Wanda ya yanke shi farat ɗaya, ciwon na iya dawo masa da ƙarhi. Saboda haka ƙarewarsa a kantin magani na gari ba ƙaramin al'amari ba ne.

Na taɓa ganin wata yarinya mai tallar hura ta faɗi ranar kasuwa. Jama'a sunka watse, wai yawunta na ɗauka. Wasu na cewa iskoki ne. Wata tsohuwa ce kaɗai ta matso ta janye ta daga bakin murhun mai tuya. Farfaɗiya ba ta yaɗuwa ta yawu. Abin da ke jawo ta a wajenmu sananne ne: wahalar haihuwa, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, bugun kai a haɗarin babur, da sanƙarau. A kwantar da mai ciwon bisa gehe guda, kada a cusa masa cokali a baki, in ya wuce minti 5 bai lafa ba a garzaya gidan likita.

Wa zai gaya wa mutanen kasuwa wannan? Kowace shekara ɗalibai na rubuta kundin kammala karatu cikin faransanci, a yi taro, malamai su sa manyan riguna, dangi su yi guɗa, a ci a sha, sannan kundin ya shiga kabad. Mun ga abin da bincike ke yi in ya isa ƙauye: rigakahin sanƙarau na MenAfriVac, da anka soma a Nijar, Mali da Burkina Faso a 2010, ya karya lagon nau'in A da ya daɗe shina kashe mana yara lokacin bazara.

Ina roƙon shugabannin jami'o'inmu su ɗora wa duk ɗalibin likita da ya yi bincike kan cutar da ke damun talaka ya rubuta shahi biyu cikin hausa ko zabarmanci, a ba gidajen rediyon karkara da malaman yaƙi da jahilci. A fara da farfaɗiya.